Shin alade ɗan'uwan kare ne?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sam mini fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wata tambaya da ta taso a ajina. Na lura manya ma suna yin ta, sai dai su ba su cika tsayawa su ji amsar ba.

Ni malamin ilimin halittu ne a makarantar sakandare, na haura shekara 20 ina riƙe da alli. Kwanakin baya muna kan darasin yadda ake rarraba dabbobi, sai wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai da gaske ne alade da kare dangi ɗaya ne? Yayana ya ce asalinsu ɗaya, har ma suna iya barbarar juna." Aji ya kwashe da dariya. Na tsawatar, domin a ganina duk zangon nan babu wanda ya yi tambayar da ta kai tata. Na ce to, duk wanda ya yarda da maganar yayan nata ya ɗaga hannu. Sai ga hannuwa fiye da rabin aji a sama, har da na waɗanda suka fi kowa dariya.

Na tambaye su hujja, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wani ya ce dukansu babu abin da ba sa ci. Wata ta ce dukansu suna haihuwar 'ya'ya rututu a ciki ɗaya, kuma nonuwansu a jere suke a ciki. Wani ya kawo maganar shinshina da ƙarfin hanci, wani ya ce ai duk suna da fiƙa. Yaran sun duba da idonsu, sun faɗi abin da suka gani, kuma haka duk wani bincike yake farawa. Abin da ya rage shi ne su san cewa kama da wane ba ta wane.

Ga amsar a taƙaice, kafin in shiga bayani. Akwai dangantaka tsakaninsu, amma ta nesa ce ƙwarai. Alade ya fi kusa da saniya, da tunkiya, da raƙumi, da dorina fiye da yadda yake kusa da kare. Shi kuma kare ya fi kusa da kyanwa, da zaki, da kura.

Masana sun jera dabbobi kamar yadda mai bin salsala yake jera zuriya, daga babban gida zuwa sashe, daga sashe zuwa ɗaki. Kare da alade duk masu ƙashin baya ne. Duk suna cikin ajin dabbobi masu shayarwa, wato masu gashi a jiki, masu ɗumin jini, masu ba 'ya'yansu nono. Wannan aji kuwa babba ne, yana ɗauke da iri fiye da 6,000, tun daga jaɓa har giwa, har da mu 'yan Adam. To da an sauko mataki na gaba, wanda ake kira rukuni, sai hanya ta rabu. Kare ya shiga rukunin da a Latin ake kira Karnibora, masu haƙorin yankan nama. Alade ya shiga Artiyodaktila, masu yatsun ƙafa biyu ko huɗu, irin masu rababben kofato. Daga nan ba su sake haɗuwa ba. Danginsu daban, gidansu daban, irinsu daban.

Washegari ban shiga aji da alli kaɗai ba. Akwai wata tsohuwar kabad a ɗakin gwaje-gwajenmu da ba a cika buɗe ta ba, a cikinta akwai ƙoƙon kan kare da na alade, sun yi ƙura, muƙamuƙin na karen ma an ɗaure shi da waya. Na goge su na ɗora a kan tebur, na kira yarinyar nan na ce ta ƙirga haƙora. Da farko ta noƙe, sannan ta sa bakin biro tana bi ɗaya bayan ɗaya, tana haɗawa da guraben waɗanda suka faɗi. Kare 42, alade 44. Wani yaro ya ce, "Kun gani ko, biyu ne kawai bambancin!" Na ce masa ya bar adadi tukuna, ya zo ya duba siffa.

A muƙamuƙin kare na sama, in ka ƙirga daga fiƙa zuwa baya, haƙori na huɗu babba ne, mai kaifi a tsaye kamar bakin wuƙa. A ƙasa akwai abokinsa. In ka rufe bakin a hankali, za ka ga ba sa hawa kan juna, suna gogar gefen juna ne su wuce, daidai yadda almakashi yake yi. Na sa takarda a tsakani na rufe, ta tsage. Shi ya sa in kare ya samu jijiya mai tauri za ka ga ya karkata kai yana ci da gefen baki. Kyanwa ma haka take yi, zaki ma haka, domin dukansu sun gaji wannan almakashin. Shi ne tambarin gidansu. Muƙamuƙin kare kuma sama da ƙasa kawai yake motsawa, ba ya niƙa.

Na juyo da na alade. Turamensa masu faɗi ne, samansu da ƙananan tudu-tudu masu santsi, an yi su don murƙushe saiwa da ƙwaya da duk abin da aka tono. Sun fi kama da namu nesa ba kusa ba. Babu almakashi ko alama. Fiƙarsa kuma, wadda ta ruɗi yaran, haure ce mai lanƙwasa zuwa waje, a jikin namiji tana ci gaba da tsiro har ya mutu, ta sama da ta ƙasa suna wasa juna. Da ita yake faɗa, da ita kuma yake tsare kansa. Duk wanda ya taɓa ganin hoton gadu ya ga irinta a fili. A ƙarshen hancin alade ma akwai wani ɗan ƙashi na musamman da ke ƙarfafa faifan hancin don tonon ƙasa, abin da kare ba shi da shi.

Amma inda maganar ta fi fitowa sarari shi ne a ƙafa. Kare yana taka ƙasa da dagi, yatsu huɗu masu tsoka a ƙasa da farce a gaba, da ɗan yatsa na biyar a sama a ƙafar gaba. Alade kuwa yatsu huɗu gare shi, biyu na tsakiya su ne manya, su ke ɗauke da nauyin jiki, kowanne da kofatonsa, biyu ƙanana suna rataye a baya. Ka ɗaga ƙafar akuya ka duba, tsarin ke nan. Kuma a cikin idon sawun waɗannan dabbobi akwai wani ƙashi da ban gaji da nuna shi ba. Na taɓa dafa ƙafar tunkiya har nama ya zube, na ciro shi na shanya, yana cikin aljihun teburina shekara da shekaru. Bai wuce girman babban yatsa ba. Yana da kwari mai santsi a sama, da wani a ƙasa, kamar kwarkwaron zare mai kai biyu, don gaɓar ta riƙa naɗewa gaba da baya wajen gudu ba tare da ta gurɗe ba. Saniya tana da shi a wannan siffa, haka raƙumi, haka barewa, raƙumin dawa, dorina da alade. Na kare kwari ɗaya gare shi a sama, ƙasansa a mulmule. Na doki ma ba haka yake ba. Na zagaya da ƙashin aji, kowa ya taɓa. Gani ya kori ji.

Wani ya tambaya, to in alade ɗan gidan su saniya ne, me ya sa ba ya tuƙa? Tambaya ce mai kyau. Tumbin saniya ɗaki huɗu ne, na raƙumi uku, na alade ɗaya tak. Abin da ya faru shi ne reshen alade ya rabu da na masu tuƙa tun da wuri, kafin su samu wannan tumbi mai ɗakuna. Ya riƙe tsohon tsarin ciki da na haƙori, su kuma suka canza. Ɗan'uwa ne da ya bar gida tun kafin a yi sabon gini. Ci ma ba ya nuna asali. Dabbar nan ta ƙasar Sin da ake kira fanda kusan ganyen gora kaɗai take ci, amma a rukunin su kare take.

Ba na ganin laifin yaran da suka ruɗe, domin manyan masana ma sun ruɗe. Carl Linnaeus, mutumin Suwidin da ya kafa tsarin sanya wa halittu suna mai kalma biyu, ya fara fitar da littafinsa na rarraba halittu a 1735. A bugu na 10, na shekarar 1758, wanda har yau daga shi ake lissafin sunayen dabbobi, ya sa wa kare suna Canis familiaris, alade kuma Sus scrofa. Ya raba su rukuni, kare ya tafi wajen su kyanwa, wannan ya yi daidai. Amma sai ya ɗauki alade ya haɗa shi da bushiya da jaɓa, saboda dogon baki da tonon ƙasa. Kama ta ja shi shi ma. Sai a 1848 wani masanin ƙasusuwa na Ingila, Richard Owen, ya tsayar da rukunin masu yatsu biyu ko huɗu da sunan da muke amfani da shi yanzu, ya ware su daga masu yatsa ɗaya ko uku irin doki da jaki da karkanda.

Bayan haka ma an daɗe ana ɗauka cewa dorina ita ce babbar 'yar'uwar alade, don ga jiki, ga haure, ga rashin tuƙa. Da aka fara karanta ƙwayoyin gado, abin da ake kira DNA, a shekarun 1990, sai labari ya sha bamban. Aka ga mafi kusancin dangin dorina su ne manyan dabbobin nan na teku masu shayarwa da ake kira wel, waɗanda mutane da yawa ke ɗauka kifaye ne. Masana ƙasusuwa da dama suka ƙi yarda, kuma suna da dalili, tunda wel na yanzu ba shi da ƙafar baya balle a duba idon sawunsa. Sai a 2001 aka fitar da bayanin ƙasusuwan tsofaffin kakannin wel da aka tono a Pakistan, waɗanda suka rayu kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, lokacin suna da ƙafafu huɗu. Da aka duba idon sawunsu, sai ga ƙashin nan mai kwari biyu, irin wanda ke cikin aljihun teburina. Duk lokacin da na zo wannan wuri a darasi sai tsigar jikina ta tashi. Ikon Allah ke nan. Ma'ana dai, alade ya fi kusa da wannan dabba ta tsakiyar teku fiye da karen da ke yawo a gefensa.

A ɓangaren kare ma akwai abin mamaki. Rukuninsu reshe biyu ne. Ɗaya na su kare, da kyarkeci, da dila, da yanyawa, da dabbar beya, da wasu dabbobin bakin teku masu ƙafafu kamar filafili. Ɗayan na su kyanwa, da zaki, da damisa, da tunku. To kura fa? Duk ajin suka ce ai kura kare ce ta daji. Ba haka ba ne. Ƙasusuwan kunnenta da ƙwayoyin gadonta sun nuna tana reshen kyanwa. Farauta a fili da gudu mai nisa ne suka ba ta siffar kare.

To ina kare da alade suka haɗu? Sun haɗu, amma sai an hau sama sosai. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2001 ya nuna dabbobi masu shayarwa da ke rainon ɗa a mahaifa sun kasu manyan gidaje huɗu. Ɗaya ya ƙunshi giwa da ayu da dabgi da rema, asalinsa Afirka. Ɗaya na wasu dabbobin Kudancin Amurka ne. Ɗaya namu ne, mu da birai da ɓeraye da zomaye. Na huɗun an sa masa suna daga Lorasiya, tsohuwar ƙasar arewa da ta tsattsage ta zama Turai da Asiya da Arewacin Amurka, kuma a cikinsa ne kare da alade suke, tare da doki, da jemage, da bushiya. Ƙiyasin masana shi ne kakan da ya haɗa su ya rayu kusan shekara miliyan 80 da suka wuce, tun manyan dabbobin nan na dainoso suna raye, domin su sai shekara miliyan 66 da suka wuce suka ƙare. Saboda haka in aka ce kare ya fi kusa da alade fiye da yadda yake kusa da giwa ko ɓera ko mutum, an faɗi gaskiya. Amma ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Tunda alade da saniya da raƙumi reshe ɗaya suka fito, nisan kare da alade daidai yake da nisan kare da saniya, babu ƙari babu ragi. Duk wanda ya ce alade ɗan'uwan kare ne, to dole ya yarda cewa ragon da ke ɗaure a turke ma ɗan'uwan kare ne a daidai wannan mataki.

Maganar barbara kuwa ba ta da tushe. A cikin kowace ƙwayar jikin dabba, gadonta a ɗaure yake dami-dami, waɗanda ake kira kuromosom. Kare yana da 78, aladen gida 38. Doki yana da 64, jaki 62, gidansu ɗaya, kusa suke ƙwarai, amma duk da haka alfadarin da suke haifa ba ya haihuwa sai a wani yanayi da ba kasafai ba. Ina ga waɗanda suka rabu tun shekara miliyan 80? Cikin macen kare kwana 63 ne ko kusa da haka, na alade kwana 114, wata uku da mako uku da kwana uku. Na gargaɗi yaran kuma kada su mai da adadin damman nan ma'aunin zumunci, domin kyanwa ma 38 gare ta, daidai da alade, kuma wannan bai sa ta zama 'yar gidansu ba. Abin da ke rubuce a ciki ake dubawa. An kammala karanta na kare a 2005, na alade a 2012, kuma abin da aka gani bai saɓa wa abin da ƙasusuwa suka nuna ba.

Abin da ya haɗa su a idonmu, in ka duba da kyau, mu ne. Mutum ya jawo kare daga kyarkecin Turai da Asiya aƙalla shekara 15,000 da suka wuce, kafin ya mallaki kowace dabba. Ya jawo alade daga aladen daji kimanin shekara 10,000 da suka wuce, a yankin Turkiyya ta yau da kuma a ƙasar Sin, kowanne daban. Dukansu dabbobi ne masu wayo, masu zaman garke, waɗanda suka iya rayuwa da abin da mutum ya rage. Zama kusa da mu ne ya kusanta halayensu. Maƙwabta ne, kuma maƙwabci yakan ɗauki halin maƙwabcinsa ba tare da sun haɗa kaka ba.

Malam Edita, wani zai ce mene ne amfanin wannan duka, a bar yara su haddace su ci jarrabawa mana. Ni ban yarda ba. Sanin dangin dabba yana gaya maka abin da zai iya kama ta. Ciwon baki da kofato yana bin masu rababben kofato ne, shanu da tumaki da awaki da aladu, ba ya kwantar da kare ko doki. A 2001, annobarsa a Birtaniya a jikin aladu aka fara gano ta, kafin a shawo kanta an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, akasarinsu tumaki da shanu. Mai garken da ya ɗauka alade ɗan gidan su kare ne ba zai ga haɗarin da ke tunkaro shanunsa daga gonar aladu ba. Haka kuma a 1994, wata annobar karnuka da likitocin dabbobi ke kira distamfa, mai kawo majina da zazzaɓi da farfaɗiya, ta shiga dajin Serengeti na Tanzaniya ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin, ta kuma taɓa kuraye. Cuta ta bi zumuncin da idonmu bai gani ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke koyar da wannan darasi. Muna rubuta matakai bakwai a allo da Turanci, yaro ya rera su kamar waƙa, ya zuba a takarda, ya manta kafin hutu. Bai taɓa riƙe ƙashi ba, ba a taɓa ce masa ya ɗaga ƙafar akuya ya ƙirga yatsu ba. Na ga ɗalibai da suka ci wannan darasi da maki mai kyau amma suka rantse kura kare ce. Kuma duk bayanin da na yi wa ajin nan rabinsa da Hausa na yi shi, domin na ga da na ce "turmi" da "fiƙa" da "tuƙa" idanunsu sun buɗe. Kalmomin suna nan, makiyaya da mafarauta da mahauta suna amfani da su kullum, kuma sun san jikin dabba fiye da yawancinmu masu takarda. Roƙona shi ne jaridarku ta ware ko da rabin shafi a mako don irin waɗannan tambayoyi, yara su aiko, malamai da likitocin dabbobi su amsa da harshen da ake ji a gida. Ni a shirye nake in ba da nawa gwargwadon abin da na sani.

Yarinyar nan ta roƙi in ara mata ƙashin tunkiyar ta kai wa yayanta, na ba ta. Ta dawo da shi bayan kwana biyu a naɗe cikin takarda, ta ce ya juya shi ya juya, ya yarda da maganar ƙafa, amma yanzu yana so ya ji ta yaya jemage mai fiffike ya shiga gida ɗaya da doki. Na ce ta gaya masa ya zo da kansa ranar Alhamis, zan nuna masa ƙasusuwan fiffiken, ya ƙirga yatsun da ke ciki.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani malamin ilimin halittu